Ruwan Ƙanzo a Tottenham

Shekarar da mijina ya rasu ban koma Kano ba, ko da yake kowa ya zaci zan koma. 'Yan'uwana maza suka yi ta bugo waya suna cewa ɗakin Umma yana nan a rufe, in zo in zauna. Amma Umma ta riga shi tafiya da daɗewa, kuma ban ga abin da zan yi da ɗaki ba alhali mai ɗakin ba ta ciki. Na gama takabata a flat ɗinmu na unguwar Camberwell a London, na koma bakin aikina.

Aikina ɗibar jini ne a babban asibitin unguwar. Daga safe zuwa yamma mutane suna zama a gabana suna miƙo hannu, in ɗaure musu dantse, in laluba jijiya, in ce su kalli bango idan suna tsoron allura. A yini guda nakan riƙe hannun Bature da Ba'indiye da Bayerabe da wanda ma ban san ƙasarsu ba, amma sai in yi makonni ba wanda ya taɓa nawa. In na dawo gida sai in kunna hita, in ɗora abincin mutum ɗaya, wanda har yau ban iya auna shi daidai ba. Kullum sai ya yi saura.

'Ya'yana biyu ne, duk maza, duk a nan aka haife su. Babban yana aiki a Manchester, ƙaramin ya tafi Kanada. Suna jin Hausa sarai, amma da Turanci suke amsa mini, kuma na daɗe da daina faɗa a kan haka. Ƙaramin ne ya aiko mini da wani ɗan kwali ta gidan waya. Da na buɗe sai na ga 'yar kwalbar roba a ciki. Ya bugo yana dariya, ya ce gwajin DNA ne, in tofa yawu a ciki in mayar musu, za su gaya mini asalina.

Na ce, "Asalina kuma? Ni 'yar Fagge ce, uwa da uba. Sai wani Bature ya gaya mini?"

Ya ce, "Just do it, Mum. For fun."

Kwalin ya yi watanni a saman firij. Wata Lahadi da aka wuni ana ruwa, na gama guga, na gama gyaran kicin, ba sauran abin yi, sai na sauko da shi. Ni da nake cika kwalabe da jinin mutane, ranar na sha wahala kafin in cika 'yar kwalba da yawuna.

Sakamakon ya shigo wayata ina hutun rana a wurin aiki. Shafin farko bai gaya mini abin da ban sani ba: Afirka ta Yamma kusan gaba ɗaya, da ɗan abin da ba a rasa ba daga arewacin nahiyar. Sai na shiga shafin da ke maganar ɓangaren uwa. Taswira ce, an ja layi a kanta, amma layin bai ko kusanci Najeriya ba. Can gabas ya fara, cikin tsibiran da ke bayan Indiya da Sin, ya rabu biyu. Reshe ɗaya ya nausa cikin teku ta gabas, ɗayan ya ratso wani tekun ya sauka a Madagaska. Abin da ya fara zuwa raina shi ne an haɗa yawuna da na wata, domin na san yadda ake manna suna a jikin kwalba.

Da yamma na kira ɗan nawa ta bidiyo. Ya riga ya karanta, don shi ya buɗe mini account ɗin. Ya ce ba kuskure ba ne. Akwai wani ɗan ƙanƙanin abu a jikin mutum da uwa kaɗai ke bayarwa, ba ya cakuɗuwa da na uba. Uwa ta ba 'yarta, 'yar ta ba tata 'yar, haka yake tafiya kusan ba canji. Nawa, in ji shi, irin na wasu mutane ne masu tuƙin kwale-kwale a zamanin da, waɗanda suka riƙa tashi daga tsibiri zuwa tsibiri da matansu da irin shukarsu, har wasunsu suka kai Madagaska fiye da shekara dubu da ta wuce. Wato idan na bi Umma, na bi uwarta, na bi uwar uwarta, na yi ta bi ban kauce ba, zan ƙare a kan wata mata a cikin jirgin ruwa.

Na ce, "To ku fa? Kuna da shi?"

Ya ce suna da shi, shi da yayansa, amma namiji ba ya miƙa shi gaba. "It stops with us, Mum."

Ya faɗa ne kamar mai ba da labarin yanayi, kuma ban nuna masa komai ba. Amma bayan mun ajiye waya na daɗe a zaune. Ni kaɗai ce mace a wurin Umma, kuma ban haifi mace ba.

Mutum ɗaya ce ta rage da zan iya tambaya, wato Inna, ƙanwar Umma, wadda Allah bai ba ta haihuwa ba, tana zaune a gidan ɗaya daga cikin yayyena a Kano. Kunnenta ya yi nauyi, sai an ɗaga murya. Na kira ta ranar Asabar da hantsi, muka gaisa, ta tambaye ni sanyi, na tambaye ta ƙafa. Sannan na ce, "Inna, kakarku ta wajen uwa, 'yar ina ce?"

Sai ta ce, "Wa ya tuna miki da ita?"

Na ce ba kowa, tambaya ce kawai ta zo mini.

Ta ce, "Ai ba 'yar ƙasar nan ba ce. Kakanmu ne ya zo da ita daga Makka, lokacin da ake tafiya a ƙasa ta Sudan. Ya yi shekaru a can, da ya tashi dawowa sai ga shi da mata. Wasu suna cewa 'yar Jawa ce, wasu suna cewa daga wani tsibiri take, can bayan Zanzibar. Ba wanda ya tabbatar."

"Ba ku tambaye ta ba?"

"Wa zai tambaya, 'yar nan? Mu yara ne. Dariya ma muke mata, Allah ya yafe mana, don har ta mutu Hausarta ba ta miƙe ba. 'Yar gajeruwa ce, ga gashi har gadon baya. In ranta ya ɓaci sai ta koma bakin rijiya ta zauna tana magana ita kaɗai da wani yare. Mijin ya mutu ya bar ta da wuri. Kin san abin da nake tunawa? Duk matan gidan nan ana yin sallama a ce wurinsu aka zo, wannan ƙaninta, wannan 'yar ƙauyensu. Ita ban taɓa jin an yi sallama an ce wurinta aka zo ba. Ko sau ɗaya."

Na tambaye ta ko ta riƙe kalma ɗaya daga yaren. Ta ce ba ta riƙe ba. Na tambayi inda aka binne ta, ta ce maƙabartar ma an yi gine-gine a gefenta, ba za ta gane wurin ba. Daga nan ta koma maganar maganin ƙafarta.

Abin ya zauna mini a rai duk lokacin sanyin nan. Ina cikin bas sai in kama kaina ina tunanin matar da ban taɓa gani ba, ba hotonta, ba sunanta na yanka, don Inna ma da laƙabi ta san ta. Na duba madubi ina neman ta a fuskata, ban ga kowa ba sai Umma.

A shafin gwajin akwai wurin da mutanen da layin uwarsu ya zo ɗaya suke iya aika wa juna saƙo. Ban taɓa shiga ba. Wajen farkon bazara sai ga saƙo daga wata mata, da gajeren Turanci mai tuntuɓe. Ta ce ita 'yar Madagaska ce, tana zaune a Tottenham, tana aikin kula da tsofaffi. Wata tsohuwa da take yi wa aiki ce ta saya mata gwajin. Duk waɗanda shafin ya nuna mata suna ƙasashe masu nisa, ni kaɗai ce a London. Ta ga an rubuta Najeriya a gaban sunana, abin ya ba ta mamaki. Ko zan yarda mu sha shayi?

Na yi kwanaki ban amsa ba. Ɗana ya gargaɗe ni cewa wannan ba dangantaka ba ce irin wadda na sani, kakar da ta haɗa mu tana iya zama ta ɗaruruwan shekaru ko fiye. Na ce na ji. Amma ranar hutuna na shirya, na saka atamfata mai kyau a ƙarƙashin kwat, na hau bas zuwa Vauxhall, na shiga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa tashar Seven Sisters.

Tana tsaye a bakin tashar da jakar leda a hannu. Ba ta kai ni tsawo ba, ta fi ni haske kaɗan, kuma za ta girme wa babban ɗana da 'yan shekaru ne kawai. Muka tsaya muna kallon juna, kowa na neman wani abu a fuskar 'yar'uwarta. Ita ta fara yin dariya, ta nuna hancinta ta nuna nawa, ta girgiza kai. Ba kama ko ta anini. Muka shiga wani ɗan shagon shayi, muka zauna. Turancinta kaɗan ne, Faransanci ta iya, ni kuwa ban san ko gaisuwa da shi ba. Na nuna mata hoton Umma, ta nuna mini na uwarta da na 'yarta, wadda ta bari a gida wurin uwar, a wani gari na bakin teku. Bayan hotuna suka ƙare sai magana ta ƙare. Muka yi ta juya cokali a kofi. Na fara tunanin hanyar komawa gida, ina jin kunyar kaina, babbar mace da ni na ƙetare gari saboda layi a taswira.

Da muka fito sai ta kama hannun kwat ɗina ta ce, "Come. I cook rice."

Ɗaki ɗaya take haya a saman wani shagon aski, kicin ɗin na haɗaka ne da wasu mutane. A hanya muka tsaya wurin wani dattijo mai sayar da ganye da doya, Bahaushen zangon Kumasi, wanda da ya ji na amsa waya da Hausa ya washe baki ya gaishe ni kamar ya san ni. Ta sayi ganye da tumatur, ni na sayi attaruhu. A ɗakin ta nuna mini naman da za ta dafa, ta nuna tambarin halal a jikin ledar, don in kwantar da hankalina. Ita Kirista ce, akwai ɗan gicciye a saman gadonta. Da la'asar ta yi na ce zan yi salla, ta ɗauko sabon tawul ta shimfiɗa mini, ta fita ta tsaya a kicin har na idar.

Shinkafa ta dafa mai yawa, fara, da romon ganye da nama. Bayan ta kwashe, sai ta bar ƙanzon a tukunya ya ƙara kamu har ya fara ƙauri, ta zuba ruwa a kai ta bar shi ya tafasa. Ta tace a kofi biyu ta miƙo mini ɗaya. Ruwa ne ja-ja, mai ɗumi, mai ƙanshin hayaƙi. Ta ce a gidansu ba a cin abinci ba shi. Na sha a hankali, na riga na ƙudurta cewa wannan ne abin da zan kai wa Inna ta ce, ƙwarai kuwa, haka tsohuwar take yi.

Washegari na kira Inna na ba ta labari, ina ɗaga murya. Ta ce, "Ruwan me?"

Na ce, "Ruwan ƙanzo, Inna. Ƙanzon shinkafa. Kakarku ba ta yin haka?"

Ta fashe da dariya har da tari. "Ruwan ƙanzo! Yunwa ake yi a London ɗin? Mu a lokacin ina muka ga shinkafa in ba da salla ba? Tuwon dawa take ci kamar kowa."

Na yi dariya tare da ita, amma da na ajiye wayar sai na ji kamar an karɓe mini wani abu daga hannu. Duk da haka, da hutuna ya zagayo na sake hawa tube.

Haka muka yi duk bazarar har zuwa kaka. Ba kowane mako ba, don aikinta ba shi da tsari, wani lokaci sai na shirya ta aiko cewa an yi cancel ɗin hutunta. Idan na je nakan kai mata dambun nama ko yajin ƙuli, ita kuma ta dafa shinkafa. Ta koya mini kalmar da mace ke kiran 'yar'uwarta mace da ita a yarensu, rahavavy, ta yi ta gyara mini har na iya. Ni na ce ta riƙa ce mini Yaya, ta kama nan take, don ya fi sauƙi. Ba ma doguwar hira. Tana ninke kayan wanki, ina tsinke ganye, rediyon masu askin ƙasa yana tasowa ta cikin dabe. Wani lokaci takan yi magana da 'yarta ta waya, in zauna ina sauraron yaren, mai taushi, kalmomin dogaye kamar ba za su ƙare ba. Nakan ce a raina wataƙila wannan ne aka ji a bakin rijiyar Fagge, wataƙila kuma ba shi ba ne.

Wata rana ɗankwalina ya zame ina sunkuye, ta ga kaina. Tun rasuwar maigidan ban yi kitso ba, tufke shi kawai nake yi in ɗaura ɗankwali. Ta yi tsaki irin nasu, ta nuna mini ƙasa a gaban gadonta. Na ce a'a, ta bari. Ba ta saurare ni ba. Ta ɗauko man kwakwa da mataji, ta zauna a bakin gado, na zauna a ƙasa tsakanin gwiwoyinta kamar yarinya. Ta fara tsaga gashin tana shafa mai a fatar kan da yatsunta. Hannunta yana da ƙarfi, hannun mai ɗaga tsofaffi. Ban san lokacin da hawaye ya fara zubo mini ba. Ba kuka mai sauti ba, zuba kawai yake yi har wuyan rigata. Ta gani, amma ba ta tsaya ba. Ta ɗan karkatar da kaina ta jingina shi da gwiwarta, ta ci gaba da kitsonta tana wata 'yar waƙa a maƙogwaro. Da ta gama ta ba ni madubi. Kitson ba irin namu ba ne, ta tattara shi ta naɗe a ƙeya gida biyu. Na bar shi har ya tsufa ya fara warwarewa da kansa.

Na so in kai ta flat ɗina ta ga inda nake, in yi mata tuwon shinkafa da miyar taushe. Mun sa rana sau biyu, aiki yana hana ta. Kafin mu sa ta uku, uwarta ta faɗi a gida, ɓarin jikinta ya shanye. Ba mai kula da ita, ba mai kula da yarinyar. Ta gaya mini a tsaye a kicin, tana wanke tukunya, ba ta juyo ba. Ta ce ta yi booking, za ta tafi ƙarshen wata, kuma ba ta jin takardunta za su bar ta ta dawo.

Ranar tafiyar ina aiki, ban samu canji ba. Saboda haka sallamarmu a bakin tashar Seven Sisters muka yi ta, ana saura kwanaki, mutane suna ture mu ta kowane gefe. Na ba ta turmin atamfa ta kai wa uwarta, da 'yan kunne na yarinyar. Ta ba ni tukunyar shinkafarta, wai ba za ta shiga akwati ba. Ta rungume ni, kanta bai wuce kafaɗata ba, ta ce, "Yaya." Na buɗe baki in faɗi kalmar da ta koya mini, sai ta ɓace mini gaba ɗaya. Na ce mata Allah ya kiyaye hanya, da Hausa, ta gyaɗa kai kamar ta ji. Na sauka matakala rungume da tukunya.

Da farko tana aiko da saƙon murya. Nakan ji kaji da yara a bayanta, wani lokaci da wata ƙara mai tashi tana sauka, wadda na ɗauka teku ce. Ina amsawa. Sannu a hankali saƙonnin suka ja baya, nata da nawa, don abin da ke tsakaninmu ba na magana ba ne, kuma waya magana take so. Na ƙarshe da ta aiko hoton uwarta ne a kan kujera a ƙofar gida, an ɗaura mata atamfar.

Cikin sanyin da ya biyo baya, wata ranar hutu, na tashi ba ni da inda za ni, sai na tafi Tottenham. Na tsaya a tsallaken titi na kalli tagar saman shagon askin. An canza labule, an jera takalman ƙwallo a bakin tagar. Na wuce wurin dattijon nan mai ganye. Ya gane ni tun daga nesa, ya tarbe ni da Hausarsa ta zango da ba ta raba mace da namiji.

Ya ce, "Hajiya, kwana biyu! Ina 'yar'uwanka, gajeren nan?"

Na ce, "Ta tafi gida."

"Gida Najeriya?"

Na ce, "A'a, wani gidan."

Bai tambaye ni wane gidan ba. Ya ce Allah ya sa ya sauka lafiya, ya ƙara mini attaruhu a kan wanda na saya. Muka ɗan taɓa hira a kan sanyi da tsadar doya, har wata mata ta zo tana taya kifi, hankalinsa ya koma kanta. Na ɗauki ledata na nufi tasha, don ina so in isa Camberwell kafin magariba.